Awon Ƙafar Peculiar

Samaru, Zariya
9 ga Nuwamba, 2005

Yaya Winifred,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata takardar nan za ta same ku lafiya, ke da Yaya Bernard da 'yata Peculiar. Ya garin Biu, ya makaranta da 'yan ajinki? Mu nan sai godiya. Kawu Japheth yana gaishe ku. Ƙafar nan tasa har yanzu tana masa tsiya, amma bakin nan nasa lafiya ƙalau, ko a sujadar Lahadi sai da ya gyara wa Fasto karatu.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna, tun da shekara ɗaya da wata uku ke nan ba kya jin labarina sai a bakin mutane. Ba fushi na yi ba. Da farko hannuna ne ke rawa saboda magani, daga baya kuma kunya ce ta riƙe ni. Me zan ce wa matar da ta zo ta tarar na shanya kayan mijina Kevin a tsakar gida ina jiran ya dawo daga aiki, alhali wata huɗu ke nan da binne shi? Mutane suna zaton mai irin ciwona ba ya tuna abin da ya yi. Ina tuna komai, Yaya, har launin zanen da kika goya Peculiar da shi ranar da dangi suka ce ki tafi da ita riƙo sai na warke.

Sista Folasade ce ta ce in rubuto miki. Nas ce a ɓangarenmu na masu ciwon ƙwaƙwalwa, wurinta nake zuwa ranar Laraba. Bayarabiya ce, amma a Sabon Gari aka yanke mata cibi, in ta juya miki Hausa sai kin nemi wurin zama. Zuwana uku na farko ban ce mata uffan ba. Ba ta matsa mini ba, sai ta turo mini ƙullin gyaɗarta ta ce, "Maman Peculiar, zauna abinki, ba korar ki ake ba." Kin san duk Zariya ita kaɗai ce ke kirana da sunan nan yanzu? Sauran in na wuce sai su rage murya su ce, "Ga matar nan, Allah sarki."

Na koma aiki a shagon Madam Chinelo da ke bakin titi, ina buga wa ɗaliban jami'a takardunsu a kwamfuta. Yaran nan rubutunsu kamar kaza ta yi tono, amma in kika yi kuskuren harafi ɗaya sai su taso miki da Turanci. Ina barci, ina cin abinci, har na yi ƙiba. Yau likita ya rage mini magani, daga ƙwaya uku an koma ɗaya, Sista kuma ta ce na samu sauƙi sosai.

Abu biyu nake roƙo. Kirsimeti ta matso, ina so in saya wa Peculiar takalmi a kasuwar Sabon Gari, amma ƙafar da na sani ta 'yar shekara uku ce. Ki tsayar da ita ki gwada da tsinken tsintsiya yadda Mama take mana, ki karya daidai dunduniya, ki sako mini a ambulan. Na biyun kin san shi. Yaushe za ta dawo?

Ƙanwarki,
Hephzibah

*

Biu
1 ga Disamba, 2005

Ƙanwata Hephzibah,

Alheri da salama su tabbata gare ki. Takardarki ta same mu lafiya, na karanta a ofishin malamai har sai da wata ta tambaye ni ko rasuwa aka yi, don hawayen da na yi. Godiya ga Allah da ya ɗaga ki. Bernard yana gaishe ki, yana can ƙauyuka wajen manoma kamar kullum. Ki gaida Kawu, ki ce ya riƙa hutar da ƙafar.

Peculiar lafiyarta ƙalau. Ta shiga nazare, tana waƙa a makarantar Lahadi, bakin nan kuwa naki ne sak, ba ta barin ta kwana. Har yaren Bura ta fara tsinta wurin yaran maƙwabta. Ga tsinken nan na naɗe a takarda. Da ƙyar ta tsaya, wai ina mata cakulkuli. Ki ƙara ɗan tsawo kaɗan, yaran yanzu ba su da wuyar girma.

Maganar dawowarta, na je wurin masu waya na kira Kawu, tun da shi ne ya yanke maganar riƙon a matsayinsa na babba. Abin da ya ce shi ne wanda ya warke ba ya shan magani. Ranar da kika rabu da ƙwayar nan gaba ɗaya, kika tsaya gaban ikkilisiya kika ba da shaida, babu mai hana ki 'yarki. Ni ma haka na gani. Daga uku kin koma ɗaya, saura ƙiris ke nan. Ki kwantar da hankalinki, sannu ba ta hana zuwa. Yarinya tana hannun da ba za ta wulaƙanta ba.

Ki gaida Sistar taki, Allah ya saka mata.

Yayarki,
Winifred

*

Samaru
20 ga Fabrairu, 2006

Yaya ta kaina,

Ina gaisuwa, ina gaida Yaya Bernard, ki sumbaci Peculiar sau ɗari. Takalmin ya yi mata? Ja ne mai igiya, sai da na zaga layin 'yan takalma kaf da tsinken nan a hannu kafin in samu, direban da na ba saƙon ya ce ya ba ki hannu da hannu.

Yaya, albishirinki! An gama! Ranar Lahadi ashirin da tara ga Janairu na tashi a tsakiyar sujada na ba da shaida. Na ɗauki kwalbar maganin na ajiye gaban bagadi, na ce Ubangiji ya warkar da ni. Zo ki ga coci ranar! Zumuntar Mata suka ɓarke da waƙa, ana ta buga tulu, Kawu Japheth kuwa kuka ya yi kamar yaro, ya miƙe da sandarsa ya ce wa jama'a dama ya faɗa. Matan da suke rage murya in na wuce, su ne suka yi ta rungume ni.

Sati uku ke nan ko ƙwaya ɗaya ban sa a baki ba, kuma ban taɓa jin ƙarfi irin na yanzu ba. Ashe maganin nan ne yake danne ni. Barcin awa biyu ya ishe ni. Na shafe ɗaki da fenti, na wanke labule, na sake wankewa, aikin mutum uku nake yi a shago har Madam Chinelo tana cewa in sassauta. Ita me ta sani! Shekaranjiya ina bugu na ji Kevin yana dariya a bayana, irin dariyar nan tasa in abu ya yi masa daɗi. Shi ma ya san 'yarsa ta kusa dawowa.

Ban koma asibiti ba. Sista Folasade mutuniyar kirki ce, amma aikinta ke nan, ba za ta ce in daina ba. Na hange ta a kasuwa ran Asabar, na lafe bayan mai tumatir har ta wuce. Raina bai so ba, amma in na gan ta ido da ido ba zan iya mata ƙarya ba.

To na cika nawa. Kin ce ranar da na rabu da ƙwaya babu mai hana ni 'yata, takardar tana nan cikin Littafina Mai Tsarki. Ku taho da ita hutun Ista. Kada ki wahalar da kanki da kaya, akwai komai a nan.

Taki,
Hephzibah

*

Biu
18 ga Maris, 2006

Hephzibah,

Ina fata kina lafiya, don ni tun da na karanta takardarki ba ni da ita. Sati uku ta yi a hanya, jiya ta iso.

Wa ya ce ki zubar da magani? Ni ban ce ba! Nufina ranar da likita da kansa ya ce kin gama, ba ranar da kika ga dama ba. Ki sake karantawa. Wane irin ƙarfi ne mutum zai yi barcin awa biyu? Kuma maganar Kevin da kika yi ta tayar mini da hankali, haka kika fara wancan karon.

Don girman Allah ranar da takardar nan ta same ki, ki ajiye komai ki tafi wurin Sista. In kunya kike ji ki ce ni na aike ki. Zancen Ista kuwa ba zai yiwu ba yanzu, sai mun ga yadda jikinki ya yi. Kada ki ɗauka da zafi.

Ki amsa mini da wuri, ko layi biyu ne.

Winifred

*

Biu
22 ga Mayu, 2006

Ƙanwata,

Wannan ita ce ta uku tun Maris, shiru kike. Na kira shagon Madam Chinelo, ta ce rabonta da ke tun farkon wata, ta kashe waya. Na kira Kawu sau biyu, ba abin da yake cewa sai "Muna addu'a, kada ki damu." In na ce a ba ki waya sai ya ce kina hutawa. Hutun me?

Jarabawa ta tsare ni, Bernard kuma ba ya gari, ba ni da wanda zan bar wa Peculiar. In fushi kike da ni, ki zage ni a takarda, na yarda. In kuma wani ne yake karanta wannan a madadinta, ina roƙonsa saboda Allah ya gaya mini ko ƙanwata tana da rai.

Winifred

*

Samaru
14 ga Agusta, 2006

Yaya Winifred,

Ina da rai. Ina gaishe ku duka. Takardunki uku na same su a ƙulle a durowar Madam Chinelo, na karanta su rana ɗaya. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ya koma rawa, an mayar da ni ƙwaya uku.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, zan gaya miki yadda aka yi, don kada ki ji a bakin wani da ƙari. Takardarki ta Maris ba ta zo hannuna a kan lokaci ba, don haka ni ina nan ina jiran Ista. Tun ana saura sati nake zuwa tasha kullum, duk motar da ta tsaya sai na leƙa. Ista ta zo ta wuce. Na ce ko kuɗin mota ne, ko hanya ce, na ci gaba da zuwa har 'yan kamasho suka fara mini waƙa.

Ranar Litinin takwas ga Mayu, an tashi 'yan makaranta, na ga wata yarinya a bakin titi da jan takalmi mai igiya. Irinsa ne sak, Yaya. Na kama hannunta na ce mu je gida, ta bi ni har kusan kasuwar Samaru kafin ta fasa kuka. Sai na ji an ce, "Ɓarauniyar yara!" Abin da ya biyo baya ba sai na faɗa ba. Haƙorina ɗaya na gaba yana can. Wani mai shayi da yake kawo mana shayi shago ne ya faɗa kaina yana rantsuwa cewa ya san ni, ba don shi ba da yanzu sai labari. Ban ga laifin uwar yarinyar ba. Da ni ce, da na fi ta.

Aka kira Kawu. Ni na ɗauka asibiti za a kai ni, sai na ga mun nufi gidansa a Jushi. Kin gane, shi ne ya miƙe gaban ikkilisiya ya ce na warke. In ya kai ni asibiti, da wane ido zai kalli mutane? Sai ya ce gwaji ne, Shaiɗan ne yake so ya ƙwace shaidar. Aka kwashe buhunan masara daga ɗakin ajiya aka sa ni, aka ɗaure mini ƙafa da igiya a ƙarfen taga don kada in fita in sake jawo magana. Kwana goma sha tara. Masu addu'a suna zuwa safe da yamma, suna tsayawa daga bakin ƙofa saboda wari. Ba mugunta Kawu ya yi ba, yana zama a waje yana kuka, ina jin sa. Amma bai kwance ni ba.

Ashe tun Maris Sista Folasade take nemana. Ta zo ɗakina sau biyu, ina ciki na yi shiru, ta turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa, ban ko buɗe ba. Da ta ji abin da ya faru ta bi ta kan Madam Chinelo har ta gano Jushi. Ranar Asabar ta zo, ranar hutunta, da atamfa ba da farin kaya ba. Ina jin ta daga ɗaki. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Kawu, ta tambayi ƙafarsa, ta tambayi wane magani yake sha mata, ya lissafo mata. Ta bar shi ya ji da kunnensa cewa shi ma magani yake sha. Can ta ce, "Baba, addu'arku ce ta kawo ni. Ku ci gaba da taku, ku bar mu mu ma mu yi tamu, duk aikin Mai Sama ne." Sai Kawu ya miƙa mata makulli.

Da ta shigo na juya fuska bango. Na zage ta, Yaya, zagin da ban san na iya ba, har na tofa mata yawu a zane. Ta tsuguna kusa da ni a cikin ƙazantar nan ta ce, "Maman Peculiar, kin ci abinci?" Ƙullin igiyar ya ƙi kwantuwa, ta sa haƙori.

Sati bakwai na yi a kwance a asibiti. Kullum ina jiran ranar da za ta yi mini faɗa, don na san na ci amanarta. Da na gaji da jira na ce, "Sista, ki yi faɗan mana in huta." Ta ce, "Faɗan me? Kina son 'yarki, aka nuna miki hanya, kika bi. Hanyar ce ba ta ɓullewa. Ko sau goma kika tafi kika dawo, katinki yana nan, kujerar nan ma tana nan." Na ce, "In ban taɓa warkewa ba fa?" Ta ce, "To sai mu tsufa tare, Laraba-Laraba." Tun mutuwar Kevin kowa yana sona ne da sharaɗin in warke. Ita ce mutum ta farko da ban ga ta sa mini ranar ƙarshe ba. Na yi kuka ranar har sai da aka kawo mini ruwa.

Yanzu na dawo ɗakina, duk Laraba ina zuwa. Likita ya gaya mini gaskiya, maganin nan na shekaru ne, wataƙila har ƙarshen raina. To ga tambayata, kuma kada ki naɗe mini amsar a ganye. In sai na bar magani Peculiar za ta dawo, ni kuma ba zan bar shi ba, ke nan ba za ta dawo ba?

Hephzibah

*

Biu
10 ga Satumba, 2006

Hephzibah,

Na gode wa Allah da kike raye. Mu nan lafiya. Sau huɗu ina fara takardar nan ina yagewa, wannan ko yaya ta fito haka za ta tafi.

Kin ce kada in naɗe miki, to ba zan naɗe ba. Na ce miki ba ki fahimci maganata ba ce. Gaskiya ne ban yi nufin ki zubar da magani ba, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Lokacin da na rubuta layin nan na san ba yau ba gobe likita zai sallame ki. Shi ya sa maganar Kawu ta yi mini daɗi, na kwafe ta na aiko miki, har na ƙara da cewa saura ƙiris. Ƙofa na rufe miki ina murmushi. Ban taɓa zaton za ki fasa bango ba.

Shekara goma sha ɗaya ina gidan Bernard ban taɓa ko ɓari ba. Kin san abin da na sha a bakin danginsa. Sai ga yarinya a ɗakina, tana tashi da safe tana neman ni, in ta faɗi sunana take kira. Na ce riƙo ne, na sani, kullum ina gaya wa kaina. Amma zuciya ba ta san riƙo ba.

Saura ɗaya, ita ce mafi muni. Takalmin ya yi mata daidai, ta ƙi cire shi har wurin kwanciya. Ta tambaye ni wa ya saya, na ce Anti ta Zariya. Mama take ce mini, Hephzibah, tun watanni shida da zuwanta, ban taɓa gyara mata ba. Ba ta san ke kika haife ta ba.

Haƙorinki da igiyar nan da kwana goma sha tara, da hannuna a ciki. Ban ce ki gafarta mini ba, don ban san ko ni zan iya ba in da ni ce. Kuma ko yanzu da nake rubuta wannan, in kika ce in kawo ta gobe, ban san ko ƙafata za ta ɗauke ni zuwa tasha ba. Kin nemi gaskiya, ga ta nan.

Winifred

*

Samaru
26 ga Oktoba, 2006

Yaya,

Ina gaisuwa. Jiki da sauƙi, rawar hannun ta ragu. Kawu ya aiko mini da masara, bai zo da kansa ba, ni ma ban je ba tukuna.

Takardarki ranar Litinin ta zo. Daga Litinin zuwa Laraba ban san yadda na yi ba, abin da na sani na sha maganina, don na yi wa Sista alkawari. Ranar Laraba na ajiye ta gaban Sista na ce ta karanta. Sannan na buɗe baki. Rabin awa ina tsine miki, Yaya, tun daga 'yar tsanata da kika ƙwace muna yara har zuwa yau, ban rage komai ba. Ba ta kare ki ba, ba ta kuma taya ni ba. Ta bar masu jira suna jira. Da na gaji ta ce, "An cuce ki, wannan babu shakka. Kina da ikon yin fushi, ki kawo shi nan duk Laraba in kina so." Sai da aka yi Laraba huɗu kafin ta tambaye ni abin da nake so wa Peculiar, ba wa kaina ba. Na ji haushin tambayar, don na san amsar.

Yarinyar da ta buɗe ido ta ga uwa da makaranta da ƙawaye, ba zan fizge ta in kawo ta ɗaki ɗaya wurin baƙuwa mai wawulo ba, a unguwar da yara ke nuna ni da yatsa. Na taɓa jan hannun yarinya tana kuka, ya ishe ni har abada. Ba na ce na bar miki ita ba ne, ki ji da kyau. Cewa na yi ba yanzu ba. Kuma ba zan ƙara sayen 'yata da lafiyata ba, ko wa ya sa farashin.

Ban gafarta miki ba tukuna. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi ya sa nake rubutowa.

Abu biyu nake so, kamar wancan karon. Ki zaunar da ita ki gaya mata wace ce Anti ta Zariya, da bakinki, ba sai ta girma ta ji a waje ba. Sannan Kirsimeti ta matso, jan takalmin ya isa ya matse ta. Ki aiko mini da tsinke.

Maman Peculiar

*

Biu
4 ga Disamba, 2006

Maman Peculiar,

Muna lafiya, Bernard yana gaishe ki.

Na gaya mata ranar Lahadi bayan sujada, yau kwana takwas ke nan. Na nuna mata hoton aurenku da Kevin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To me ya sa ta ba da ni?" Na ce ba ki ba da ita ba, ciwo kika yi, ni na ɗauko ta. Ta ce, "In na gan ta me zan ce mata?" Kwana biyu ba ta yarda na fita ko bakin ƙofa ba tare da ita ba. Ina gaya miki ne don ki shirya. Wataƙila ta ɓuya a bayana, wataƙila ta kira ni Mama a gabanki.

Ba zan aiko da tsinke ba. Ƙafar zan kawo miki, ki kai ta kasuwar Sabon Gari ki gwada mata da hannunki. Za mu iso ranar Asabar ashirin da uku ga wata, ki tarye mu a tasha, wannan karon motar da za ki leƙa muna ciki.

Sai dai ki sani tun yanzu, zan koma da ita ranar ashirin da bakwai, motar safe. Na duba kalanda, Laraba ce. Da gangan na zaɓe ta, don in motarmu ta tashi ki sami wurin zuwa.

Yayarki,
Winifred